Cokalin Kakan Sarkin Ruwa

Bakin ruwan Yawuri ne bayan sallar La'asar. Sarkin Ruwa yana zaune a gefen jirginsa yana ɗinkin birgi, abokin wasansa Sarkin Fawa kuma ya zo cinikin kifi. Can gefe ga Ɗan Boko, wanda ya zo hutu daga Kaduna, riƙe da sandar fatsa, da akwati cike da kifayen roba.

SARKIN RUWA: Yaro, tun Azahar nake kallonka, kuma na ƙirga sau goma sha ɗaya kana kwance abin da ke bakin zarenka kana ɗaura wani. Su ka zo yi, ko kuwa baje koli ka zo yi wa kifayen Yawuri?

ƊAN BOKO: Ranka ya daɗe, Baba, wannan ilimi ne. Koton yaudara ke nan, wanda ake jefawa a riƙa naɗe zare, shi kuma yana rangaji a ruwa. Wannan mai ruwan azurfa sunansa Rapala, sunan wani masunci ne na ƙasar Finlan, Lauri Rapala, wanda ya sassaƙa na farko a 1936, ya lulluɓe shi da takardar ƙyalli ta cakulan, bayan ya lura cewa manyan kifaye sun fi kai wa ƙaramin kifi mai rauni hari a cikin 'yan'uwansa.

SARKIN FAWA: Ka ji irin sana'arku, Sarki. Sai kun yi wa dabba ƙarya kafin ku ci abinci. Mu kuwa ba mu taɓa sassaƙa wa sa ciyawar roba ba.

SARKIN RUWA: Wanda ƙuda ke rakawa gida ba ya sa baki a zancen masu wanka kullum. Yaro, shi wannan Baturen, guda nawa yake da su lokacin da ya fara?

ƊAN BOKO: Guda ɗaya ne, Baba.

SARKIN RUWA: Kai fa?

ƊAN BOKO: Ashirin da huɗu. Matsalar ita ce, da zarar na yi jifa uku ban ji komai ba, sai zuciyata ta ce launin ne bai dace ba, in ɗaura ja. In na ɗaura ja kuma, sai ta ce ai da na bar na farkon.

SARKIN RUWA: Lokacin da kake kwancewa da ɗaurawa, ina ƙugiyar take?

ƊAN BOKO: Tana hannuna mana.

SARKIN RUWA: To, tun da aka datse Kainji a 1968 ruwa ya cika wurin nan nake su a cikinsa, amma ban taɓa ganin tsage ya hau tudu ya ciji ƙugiya a hannun mutum ba. Rufe akwatin nan ka matso, zan ara maka abin da ban taɓa ara wa kowa ba.

Sai ya zura hannu a aljihu ya fito da kan cokali wanda aka yanke wa mariƙi, an huda shi gaba da baya, an maƙala masa ƙugiya.

SARKIN RUWA: Wannan cokalin kakana ne. Yana tare da shi a Argungu a 1934, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara aka yi babban su a Matan Fada, kuma a ranar ya kama giwan ruwan da sai da ƙarti uku suka ɗauka.

SARKIN FAWA: Ka ji tsoron Allah, Sarki. Ko ni mahauci na san da homa da gora ake su a Argungu, ba a shiga da ƙugiya.

SARKIN RUWA: Na ce maka ya jefa shi ne? A aljihunsa yake, kifin ya jiyo ƙamshinsa ya shigo homa da kansa. Yaro, cokalin yana da sharuɗɗa. Ka sa masa waya a gaba, domin haƙoran tsage suna datse zare. Ka jefa shi gefen ciyawar can, ka ƙirga goma ya nutse, sa'an nan ka naɗe zare a hankali, kada ka yi magana da mahauci, kuma kada ka kwance shi sai an kira Magariba, domin yana fushi da mai gaggawa.

ƊAN BOKO: Na karɓa da hannu biyu, Baba. Wallahi ko nauyinsa daban ne.

Ɗan Boko ya tsaya yana jifa yana naɗewa, bai waiwayi akwati ba ko sau ɗaya. Rana ta yi ja, sai sandar ta lanƙwashe, tsage ya yi tsalle sama da ruwa.

ƊAN BOKO: Baba, ya ci! Da farko wani ɗan taɓi na ji kamar ciyawa, amma na ce cokalin kaka ba ya ƙarya, sai na fizga. Allah ya jiƙan kaka!

SARKIN FAWA: Amin. Miƙo mini cokalin in ga albarka. Ikon Allah! Sarki, yaushe kakanka ya fara sayar da tsire? Wannan lanƙwasar ta gefe ni na yi ta da wuƙa, domin cokalin da nake ɗibar yaji da shi ne, wanda ya ɓace ranar kasuwa, ranar da ka zo ka ci tsire bashi.

ƊAN BOKO: Baba, da gaske ne? Ga rubutu ma a bayansa, an ce a ƙasar Sin aka ƙera shi.

SARKIN RUWA: Kakana mutum ne mai yawan tafiye-tafiye. Amma bar wannan, ka amsa mini. Jifa nawa ka yi da shi?

ƊAN BOKO: Sun kai sittin.

SARKIN RUWA: Kifayen robarka kuwa uku-uku ka ba su. Shi tsage bai san kakana ba, bai san Baturen Finlan ba. Ƙyalli ya gani yana juyi kamar ƙaramin kifi, ya kai cafka. Abin da ya canza hannunka ne. Ka jefa inda ya kamata, ka bar shi ya nutse, ka daina naɗe zare kamar mai jan guga, ka tsaya har lokacin da kifi ke fitowa kiwo, kuma da aka taɓa ka ji, alhali ɗazu ko taɓawa aka yi hankalinka yana cikin akwati. Da ka ba Rapala ɗinka rabin wannan haƙurin, da wataƙila giwan ruwa muke fama da shi yanzu.

SARKIN FAWA: Ashe haka kuke yi. Kowane masunci yana da ƙugiyar da yake rantsuwa da ita, ita kaɗai yake jefawa daga safe har dare, sa'an nan ya zo kasuwa yana cewa ita ce ta fi kamu. To, wace ce za ta kama, waɗanda ke kwance a gida? Ni dai tun da cokalina ne ya yi aikin, rabin kifin nawa ne.

SARKIN RUWA: Za a ba ka ƙayar, ka cire daga bashin tsire.

ƊAN BOKO: Bari in ƙara jifa ɗaya. Sai dai, Baba, tun da na san na yaji ne, sai nake ganin kamar ƙyallinsa ya ragu. Ko in gwada jan nan?

SARKIN RUWA: Kada ka taɓa akwatin nan, ɗana. Gaskiyar magana, wannan gwaji na yi maka. Ainihin cokalin kaka yana gida a ƙarƙashin matashi, ka zo gobe da asuba in ara maka shi.

ƊAN BOKO: Allah ya ƙara girma, Baba! Tun kafin kiran farko zan iso.

SARKIN FAWA: Ku riƙe mini kifin nan tukuna. Bari in je rumfa in ƙirga sauran cokulana.