Kafin ka ci bashin dala don karanta tsara birane

Ƙannena masu shirin digiri na biyu a fannin tsara birane, ku da kuka taso a Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Obalende, da ku da bautar ƙasa ta kawo ku Legas kuka zauna, ga matsayata tun daga farko: wannan sana'a da naira take biyan mai ita, saboda haka kada ku ci mata bashin dala ko na fam. In an ɗauki nauyinka gaba ɗaya, tafi, Allah ya ba da sa'a. In kuwa sai an sayar da fili a gida ko an sa hannu a takardar kuɗin ruwa, to zauna mu yi lissafi tukuna.

Mu ɗauki takardar da ta fi ruɗar yaranmu, wato wasiƙar gurbin karatu daga Ingila. A ce kuɗin makaranta fam 22,000 ne, sai ka ga a sakin layi na biyu an rubuta ana taya ka murna ka samu "tallafi" na fam 4,000. Nan take a ɗauki hotonta a watsa a zauren WhatsApp na dangi, kowa na sa albarka. Wannan ragi ne irin na ɗan kasuwa, don har yanzu fam 18,000 na kanka. Ofishin biza kuma zai so ya ga kuɗin zama a asusunka kwana 28 a jere ba su motsa ba. A ƙa'idar da ta fara aiki a Janairun 2025, fam 1,136 ne a wata a wajen Landan, fam 1,483 a cikinta, har wata tara, kuma adadin ya ƙara hawa tun bayan nan. A wajen Landan ke nan fam 10,224. Ƙara kuɗin inshorar lafiya, fam 776 a shekara, wanda ga mai kwas ɗin shekara ɗaya yakan zama na shekara ɗaya da rabi saboda tsawon bizar, wato fam 1,164. Ƙara kuɗin bizar kanta, fam 524 a farashin Afrilun 2025. Ka kusa fam 30,000, ba a yi maganar tikitin jirgi da gwajin tarin fuka da kuɗin ajiyar ɗaki ba. In fam ɗaya na naira 2,000, miliyan 60 ke nan.

Yanzu ga bashin. Akwai kamfanonin waje da ke ba ɗaliban Afirka rance da dala ba tare da jingina ba, kuma rashin jinginar shi ke jan hankalin mutane. A ce ka karɓi dala 40,000 a kan ruwa kashi 13 cikin ɗari, za ka biya cikin shekara goma. Kowane wata za ka riƙa fitar da kusan dala 597, jimilla sama da dala 71,000. A farkon 2023, lokacin da dala ke wajen naira 460 a farashin hukuma, wannan biyan na wata naira 275,000 ne. Bayan an saki naira a Yunin 2023, dala ta haura 1,500 a farkon 2024, biyan nan ya koma kusan naira 900,000 a wata. Ba ka ƙara cin ko sisi ba, bashin ya ninka sau uku yana zaune. Jami'in tsara birane da ya shiga aikin gwamnati yakan fara ne a mataki na 8, mai digiri na biyu a mataki na 9, kuma albashin waɗannan matakan ko kusa da wannan adadi bai je ba. Ku tuna mafi ƙarancin albashi a Jihar Legas naira 85,000 ne tun ƙarshen 2024.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A 2024 an ba da labarin ɗaliban Najeriya a Jami'ar Teesside da aka dakatar da karatunsu, wasu aka ce su bar ƙasar, saboda kuɗin da suka tara da naira ya narke kafin su gama biyan kashi-kashi. Mutane ne da suka yi lissafinsu daidai a ranar da suka tafi.

Za a ce ai mutum zai zauna can ya yi aiki ya biya. Wasu sun yi hakan, ban musa ba. Amma duk shirin ya rataya ne a kan dokar biza, abin da ba ka da iko a kansa. Tun Janairun 2024 Ingila ta hana mai digiri na biyu na aji, wanda ba na bincike ba, tafiya da iyalinsa, kuma ta sanar za ta rage izinin zama bayan karatu daga shekara biyu zuwa wata 18. Amurka ma a Yulin 2025 ta mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta shiga sau ɗaya cikin wata uku. Sannan tsara birane ba kamar aikin kwamfuta ko jinya ba ne da ake ɗauka daga ƙasa zuwa ƙasa cikin sauƙi. Manyan masu ɗaukar aiki a can ƙananan hukumomi ne da kamfanonin ba da shawara, kuma abin da suke nema shi ne sanin dokokin ƙasarsu da tsarin neman izinin gininsu. Ba kowace ƙaramar hukuma ce ke ɗaukar nauyin bizar baƙo ba.

Ga kuma maganar da a gidajenmu ba a tsallake ta: riba. Rancen nan na waje duk na ruwa ne. Na bankunan gida ya fi muni, don tun da Babban Banki ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 a Nuwamban 2024, wanda ya je neman rance na kansa ya san abin da za a gaya masa. Akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da TAJ da Lotus, kuma ya dace ka je ka tambaya, amma rashin riba bai sauke maka nauyin biya ba. NELFUND, asusun rancen ɗalibai na gwamnatin tarayya da aka kafa da dokar 2024, ba shi da ruwa, ana fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa, sai dai an gina shi ne a kan ɗaliban matakin farko na makarantun gwamnati a cikin gida, don haka kada ka sa shi a lissafin digiri na biyu. Wanda ya fi ba ni tsoro ma shi ne bashin da ba takarda: kawu mai sayar da shanu a Oko-Oba ya cire daga jarinsa, yaya ta kwashe adashinta, Baba ya sayar da gona. An ce bashi hanji ne yana cikin kowa, amma wannan in ya tsinke, zumunci yake tafiya da shi.

To me ake nema a digirin? Abu na farko rajista. A Najeriya ba ka zama cikakken mai tsara birane da zai sa hannu ya buga hatimi a rahoto sai TOPREC ta yi maka rajista, majalisar rajistar masu tsara birane da aka kafa da doka ta 3 ta 1988, kuma hanyar tana bi ta ƙungiyar ƙwararru ta NITP, wadda ke nan tun 1966. Kuɗin sana'ar nan, ban da albashi, a hatimin yake: tsara shimfiɗar filaye, rahoton da ake haɗawa da neman izinin manyan gine-gine, neman sauya amfanin wuri daga gidan zama zuwa na kasuwanci. Kuskuren da ake yawan yi shi ne mutum mai digirin labarin ƙasa ko zamantakewa ya ga kwas mai kalmar "birane" a sunansa ya biya, sai bayan ya gama ya gano na bincike ne zalla, ba ya kai shi ga rajista. Kafin ka biya ko kuɗin fom, tambayi sashen a rubuce ko TOPREC ta amince da wannan kwas ɗin, ba sashen kawai ba, sannan ka tabbatar daga majalisar. Mai HND yawanci sai ya bi ta difloma ta gaba da digiri, ya sa wannan shekarar da kuɗinta a lissafi. Digirin waje kuwa, ko da hukumar tantance kwasa-kwasan sana'ar a can, RTPI ta Ingila ko PAB ta Amurka, ta amince da shi, in ka dawo sai ka kai shi an tantance, ka kuma zauna ka koyi Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, da dokar tsara birane ta 1992, da dokar Legas ta 2010 wadda ta kafa LASPPPA mai ba da izinin gini da LASBCA mai sa ido kan gine-gine. Waɗannan ba a koyar da su a Manchester.

A gida kuna da zaɓi. UNILAG na nan Akoka da sashen tsara birane, ga Ibadan tafiyar awa biyu, ga Ife da Akure da Minna, ga ABU Zariya da BUK ga mai son kusa da gida. Ba zan yi muku ado ba, karatun gida yana da nasa tsada, kuma da lokaci ake biyanta. Yajin aikin ASUU na 2022 ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Kwas ɗin wata 18 yakan kai shekara uku saboda malami mai duba aikin bincike yana da ɗalibai fiye da ƙarfinsa, ko an jira mai jarrabawa daga waje. Don haka kada ka tambayi shugaban sashe shekara nawa ake yi, nemi ɗaliban da suka shiga shekara uku baya ka tambaye su mutum nawa suka fita. Tambaye su kuma ko ana fita aikin fili da gaske, ko ɗakin kwamfuta yana aiki, ko laccar yamma da ƙarshen mako ce yadda ba sai ka bar aikinka ba. Wannan na ƙarshen babban abu ne. Wanda ya yi karatu yana karɓar albashi ya riga ya tsere wa wanda ya ajiye aiki shekara biyu, kuma shekarun ƙwarewarsa suna ƙirguwa.

Giɓin da ke tsakanin karatun gida da na waje yawanci a kayan aiki yake, kuma ana iya cike shi da araha. QGIS, manhajar zana taswira, kyauta ce. Kwamfuta mai ƙwaƙwalwar aiki gig 16, da AutoCAD, da Excel sosai, da ɗan Python ko R, da iya rubuta rahoto mai tsabta, su ne ake dubawa a wurin ɗaukar aiki. Wajen gwaji kuwa ba inda ya kai Legas. Je ka tsaya a Mile 12 kafin asuba ka ga tirelolin tumatir da albasa daga Kano da Sakkwato suna layi a gefen titin Ikorodu, 'yan dako na sauke kwanduna, ruwan ruɓaɓɓen kaya na gangarawa cikin lambatun da ya toshe, ga motocin BRT na son wucewa. Ƙirga motoci nawa ke shiga a awa, minti nawa kowace ke ɗauka kafin a sauke ta, ina take juyawa, ka ɗora a taswira. Ko ka duba yadda tashar jirgin ƙasa ta Agege, a layin Agbado zuwa Oyingbo, ke sauya kuɗin haya da wurin 'yan tireda a kewayenta. Aiki irin wannan shi za ka ajiye a gaban LAMATA, hukumar sufurin Legas, ko kamfani, kuma shi ne ke cin tallafin waje.

Tallafi na gaske yana nan, amma kusan duk yana son wanda ya yi aiki. Chevening, tallafin gwamnatin Ingila, na neman ƙwarewar shekara biyu, awa 2,800, yana biyan makaranta da zama da jirgi, da sharaɗin ka dawo gida shekara biyu. DAAD ta Jamus tana da shirin kwasa-kwasan raya ƙasa, cikinsu akwai kwas ɗin tsara yankuna na SPRING a Dortmund da tsara ababen more rayuwa a Stuttgart, ita ma shekara biyu take so. Shirin haɗin gwiwar Japan da Bankin Duniya shekara uku yake nema. Ga Commonwealth, ga Erasmus Mundus, ga Mastercard Foundation, ga Bankin Raya Ƙasashen Musulmi. A Amurka, inda kwas ɗin shekara biyu ne, tallafin yakan zo ta aikin taimaka wa malami, kuma nan ne ake faɗawa rami: a ba ka na shekarar farko, ta biyu a ce "za a duba". In ba a rubuta shekara biyun a wasiƙa ba, da adadin kuɗin makarantar da aka yafe, ɗauka babu. Jamus da ake cewa kyauta ce, mai biyan kansa sai ya kulle yuro 11,904 a asusu don shekara ɗaya kafin a ba shi biza.

Abin da ya sa nake zafi a kan wannan magana shi ne muna buƙatarku a nan. Tun rushe unguwar Maroko a Yulin 1990 har ta Otodo Gbame a 2017, talakan Legas yakan ji labarin tsarin gari ne ranar da katafila ta iso. Mutanenmu a Alaba Rago sun san ɗacin takardar wa'adi, 'yan acaba sun san abin da haramcin Yunin 2022 ya yi musu. A irin waɗannan zaman, sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa sukan je da roƙo da tarihi, ɗaya ɓangaren kuma ya zo da taswira da sashen doka. Muna son ɗanmu ko 'yarmu da zai buɗe tsarin unguwa ya nuna ina hanya ta bi, mita nawa doka ta ce a ja baya daga magudanar ruwa, wace takarda ce ta rage a fayil, ya kuma yi bayaninsa da Hausa a ƙofar masallaci. Mai biyan dala 597 duk wata ba zai iya wannan aikin ba, ko yana so, don dole ya zauna inda dalar take.

Ga wanda ya gama bautar ƙasa bana, shawarata ita ce ya nemi gurbi a ofishin mai tsara birane mai rajista ko a ma'aikata, ko da albashin bai taka kara ya karya ba, ya yi rajista da reshen NITP na Legas, ya riƙa ajiye kwafin duk aikin da ya sa hannu a ciki. Fasfo da takardar sakamakon jami'a a nema da wuri, don takardar sakamako kaɗai takan ci watanni. Chevening yakan buɗe a Agusta, yawancin kwasa-kwasan DAAD suna rufewa tsakanin Agusta da Oktoba, kuma wasiƙar shaida daga shugabanka a wurin aiki sai ka ba shi aƙalla wata ɗaya kafin ranar rufewa.