Ɗanka ma Musulmi ne, bai halatta ka firgita shi ba

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

Abu Dawud ya ruwaito cewa wata rana sahabbai suna tafiya tare da Manzon Allah (SAW), sai ɗayansu ya yi barci. Wani ya lallaɓa ya ɗauke igiyar da ke tare da shi, mutumin ya farka a firgice. Sai Annabi ya ce: "Bai halatta ga Musulmi ya firgita Musulmi ba." A kan igiya fa, kuma ga babban mutum. To ina ga ɗan shekara biyar da ke kwance bayan labule, ya runtse ido kamar mai barci, yana jin ƙarar marin da ake sauke wa mahaifiyarsa?

Ina koyarwa a Islamiyya. Akwai wata yarinya a ajina, ba ta wuce shekara bakwai ba. Ran nan iska ta bugo ƙyauren aji, sauran yara suka yi dariya, ita kuwa ta dunƙule ƙarƙashin benci, hannu biyu a ka, jikinta na kaɗawa. Da na miƙa hannu zan ɗago ta, sai ta kare fuskarta. Hannuna ba bulala. Bayan kwanaki na hango ta a lokacin tara tana wasa da 'yar tsana, ta shaƙe wuyanta tana cewa da kakkausar murya, "Fita ki bar min gida!" Ba a aji ta koyi wannan muryar ba.

Mun saba cewa, "Ai yaro ne, me ya sani?" Wallahi ya sani. Yana gane takun mahaifinsa daga zaure, ya san na lafiya ya san na masifa. Idan tsoro ya kama mutum, jiki kan saki sinadaran da ke sa zuciya bugawa da sauri, ya shirya gudu ko kare kai. Allah Ya halicci wannan don haɗari na ɗan lokaci, kamar ganin maciji. Amma yaron da haɗarinsa ke cikin ɗakin da yake kwana, ina zai gudu? Sai jikin ya zauna a ɗarare dare da rana. Daga nan za ka ga wanda ya daina fitsarin kwance ya koma yi, yana zabura cikin barci da ihu, kullum cikinsa na ciwo a je asibiti ba a ga komai ba, hadda ta ƙi zama. Wani ya zama shiru-shiru har a riƙa yaba masa hankali, wani kuma ya zama mai cin zalin ƙannensa. Likitocin ƙwaƙwalwa suna ɗaukar wannan a matsayin ciwo idan alamomin sun wuce wata guda, kuma ba sai an taɓa jikin yaron ba. Gani da ji sun isa.

Mu kuma sai mu ce aljanu ne, ko sammu. A yi hayaƙi, a kira mai ruƙya, a zane shi saboda ya jiƙa katifa. Ruƙya gaskiya ce, ba na musun ta. Sai dai a tofa wa yaro Falaƙi da Nasi da magariba, bayan isha'i kuma a fasa kwanuka a gabansa, wa ake yaudara?

A Amurka, tsakanin 1995 da 1997, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar (CDC) da cibiyar lafiya ta Kaiser Permanente sun tambayi manya fiye da 17,000 irin wahalar da suka sha suna yara, ciki har da ganin ana dukan mahaifiya. Suka gano cewa gwargwadon yawan irin waɗannan abubuwa, gwargwadon haɗarin baƙin ciki mai tsanani, shaye-shaye, har da ciwon zuciya bayan an girma. Wato abin da ka yi a minti goma na fushi, ɗanka na iya ɗauke da shi har ya yi furfura.

Maigida, Nana Aisha (RA) ta ce Manzon Allah bai taɓa dukan mace ko hadimi da hannunsa ba, Muslim ne ya ruwaito. Shi ne kuma yake gajarta sallah idan ya ji kukan jariri, don kada hankalin uwar ya tashi. Allah Ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 19, ku zauna da su da kyautatawa. Idan ranka ya ɓaci, yi alwala, ɗauki hularka ka fita. Uwargida, ke ma ba a bar ki ba: ashar, jifa da muciya, dambe da kishiya a tsakar gida, da tura yaro ya je ya gaya wa ubansa baƙar magana, duk firgitarwa ce.

Ku kuma iyaye da waliyyai, idan 'yarku ta zo gida da kumburarriyar fuska, "yi haƙuri ki koma ɗakinki saboda yara" ba ya isa, domin yaran nan su ne ke kallo. Aya ta 35 a wannan surar ta ce a tayar da mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginta. A yi hakan da gaske, in ya ƙi a kai wa mai unguwa ko alƙali. In ana tsoron rai, a fara kwashe uwa da yara zuwa inda za su tsira, sannan a yi zancen sulhu.

Yaron da abin ya riga ya taɓa, a zaunar da shi a gaya masa ƙarara cewa ba laifinsa ba ne, don da yawa daga cikinsu sun ɗauka su suka jawo. Kada a tilasta masa ba da labari, kada kuma a hana shi. In firgitar ta ƙi lafawa, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Maiduguri da Kware, kuma zuwa can ba hauka ba ne.

Ɗalibar tawa tana gidan kakarta yanzu. Na mayar da ita bencin da ke nesa da ƙofa, ƙyauren kuma na sa an tokare shi da dutse. Makon jiya ta kawo haddar Tabbat ba gyara ko ɗaya.