Bakano, Bazazzagi da Kyaftin Boycott

Bazazzagi: Alhaji, tun safe babu wanda ya leƙo shagonka, kuma na ji matan unguwa sun rantse ba za su ƙara sayen ko ashana a wurinka ba sai ka rage kuɗin sukari. Abin da Bature ke kira "boycott" ke nan.

Bakano: Malam, ku Zage-zagi ko ciwo ne ya kama mutum, sai kun faɗa masa sunan ciwon da Turanci kafin ku nemo masa magani. Shi wannan baikon da wa aka yi shi?

Bazazzagi: Babu maganar baiko, sunan mutum ne, Kyaftin Charles Boycott, wakilin wani attajiri mai gonaki a gundumar Mayo ta ƙasar Ireland. A 1880 damina ba ta yi kyau ba, manoman da ke haya suka nemi a rage musu kashi 25 cikin ɗari, aka ce 10 kawai za a rage, sannan Kyaftin ya tashi korarsu daga gonakin.

Bakano: Kashi 10 ai ya yi ƙoƙari. Ni ko kwabo ba zan rage ba.

Bazazzagi: To, ka ji yadda ta kaya. Babu wanda ya ɗaga masa hannu, sai dai ma'aikatan gonarsa suka watse, masu shaguna suka daina sayar masa da komai, har mai kawo wasiƙa ya daina bi ta gidansa. Da lokacin girbi ya yi, sai da aka kawo 'yan sa-kai 50 daga wasu gundumomi, sojoji da 'yan sanda kimanin 1,000 suna gadinsu, aka kashe kusan fam 10,000 don a kwashe amfanin da bai wuce fam 500 ba.

Bakano: Innalillahi! Fam 10,000 a kan fam 500? Wallahi wanda ya yi wannan lissafin jininku ne, domin babu Bakanon da zai sa hannu a kansa. Amma fa mutumin ya ci riba, tunda sunansa ya shiga ƙamus ba tare da ya biya kuɗin talla ba.

Bazazzagi: Ribar ita ce ya tattara ya bar ƙasar kafin ƙarshen shekarar. Af, wancan kwallin da ke kan kantar shagonka, ka san daga sunansa na Larabci, alkuhlu, Turawa suka samo kalmar "alcohol"?

Bakano: Rage murya, don Allah! Wace irin magana ce wannan?

Bazazzagi: Da farko suna nufin gari mai laushi irin na kwalli, daga baya suka riƙa kiran duk abin da aka tace aka fitar da tsantsarsa da wannan suna, har a ƙarshe ya tsaya a kan abin da ke sa maye a cikin giya.

Bakano: Wato bayan ka tsaya a ƙofar shagona ka sanar cewa an ƙaurace mini, yanzu kuma kana so 'yan Hisba su ji cewa katan biyu na giya nake sayar wa amare. Malam, daga yau ni ma na yi maka abin da aka yi wa Kyaftin.

Bazazzagi: Madalla, ka ga ke nan ba ka da bakin tambayata bashin madarar watan jiya.

Bakano: A'a, na ɗage shi zuwa bayan ka biya.