Garwashi ɗaya, 'yan aike biyu

Shekara 11 ke nan ina koyar da ilimin halittu a makarantar sakandare, kuma cutar malamai ta riga ta kama ni: ba na iya ganin abu ya faru ban mayar da shi darasi ba. Wata Laraba cikin hunturu autanmu ya yi tuntuɓe da dokin ƙofa, ya ɓare baki yana tsala ihu. Maimakon in lallashe shi, sai na gyara tsayuwa na ce, "Kai, yi mana shiru. Zafin nan ba a yatsanka yake ba, a ƙwaƙwalwarka yake. Yatsa saƙo kawai ya aika." Yaro ɗan shekara huɗu fa. Uwarsa ta dube ni sama da ƙasa, ta saɓe shi, ba ta ce uffan ba. Ashe ajiye maganar ta yi a asusu.

Bayan isha'i aka ɗauke wuta. Uwargida ta turara ɗaki ta fitar da kaskon tsakar gida, wani garwashi ya faɗo ya lulluɓe da toka, ya kwanta kamar mutumin kirki. Ni kuma na fito ba takalmi zan ɗauki buta, na ɗora masa tafin ƙafar hagu da dukan nauyina.

Abin da na fara sani shi ne ƙafata tana sama. Wallahi ba a yi shawara da ni ba. Wannan aikin laka ne, igiyar nan da ke kwance cikin ƙashin baya. Saƙon ƙuna yana shigo mata ta bayanta, ita kuwa kamar dagacin da gobara ta tashi a garinsa, ba ta jiran izinin fada, nan take take umartar tsoka ta janye ƙafa, labari ya isa wurin sarki daga baya. Har ƙafar dama tana ba ta umarnin ta ƙame ta ɗauki nauyin jiki. Tawa ta yi biyayya, sai dai a kan santsin bakin rariya ta ƙame. Na zame na gabza ƙwauri da turmi.

Ga inda mutuncina ya zube. 'Yan aiken zafi biyu ne. Na farko jijiyoyin da ake kira A-delta, masu rigar kitse a jikinsu, waɗanda gudunsu kan kai mita 30 a daƙiƙa. Ɗan acaɓa ke nan. Shi ya kawo mini wani "cau!" kamar sukar allura, ya wuce. Na biyu jijiyoyin C ne, sirara, ba riga, suna tafiyar kamar mita ɗaya a daƙiƙa, tafiyar dattijo mai dawowa daga masallaci. Daga tafin ƙafa zuwa laka kuwa kusan mita guda ne, don haka akwai 'yar tazara tsakanin zuwan su biyun. A cikin wannan tazarar ce na ga ashe abin da sauƙi, na buɗe baki da muryar maza na ce, "Ba kom..."

Ban ƙarasa ba dattijo ya iso.

Abin da ya fito daga bakina bayan nan, "Wayyo Inna!" ne, da ƙarfin da ya sa karen layinmu ya amsa. Ni da furfura a gemu, Inna kuwa tana can ƙauye tana barcinta. Raɗaɗin nan ba ya suka ya wuce, shimfiɗa tabarma yake yi ya zauna.

Ina zaune daɓas a ƙasa, sai zanen da nake yi wa ɗalibai a allo ya riƙa dawo mini. Saƙo ya shiga laka, ya miƙa wa wata jijiyar da ke cikin lakar, ita kuma ta tsallaka ɗaya gefen, ta haura ta hanyar da ke kaiwa talamus, wato zauren fadar ƙwaƙwalwa, daga nan a shigar da shi ciki a tantance wace ƙafa ce, wane wuri, kuma yaya tsananinsa. Ke nan ƙafar hagu na ƙone, amma ɓangaren dama na ƙwaƙwalwata ne ke karɓar gaisuwa. Duk shekara ina ba da wannan a jarrabawa, maki biyar. Ban taɓa sanin haka maki biyar ke da zafi ba.

Uwargida ta fito da tocila, ta haska ni ina riƙe da ƙafa hannu bibbiyu. Ta ce, "Subhanallahi, Malam, sannu. Amma me ya haɗa ka da ƙafa? Ai kai ya kamata ka riƙe. Ba can ka ce zafin yake ba?"

Na yi kamar ban ji ba, na hau murza ƙwaurina. Wannan ma da dalilinsa. A 1965 wasu masana biyu, Melzack da Wall, suka kawo bayanin cewa akwai wata 'yar ƙofa a laka: jijiyoyin da ke ɗaukar shafa da taɓawa sun fi na zafi kauri da sauri, idan suka yi cincirindo a bakin ƙofar sai saƙon zafi ya ragu. Abin da uwar yaron ta yi masa da rana ke nan, ta shafa yatsan ta hura, ba tare da ta san ko Melzack mutum ne ko maganin sauro ba. Ni kuwa mai ilimin, lacca na ba shi.

Tafin ƙafa dai ba a murza shi. Maƙwabcina ya leƙo ta katanga yana cewa a sa gishiri ko man goge baki, na ce a'a, ruwa mai sanyi za a yi ta zubawa kamar minti 20. Nan kaɗai karatuna ya yi rana a daren.

Ana cikin zuba ruwan ina cije leɓe, sai ga auta ya fito yana mutsuke ido. Ya tsaya ya ƙare mini kallo, ya matso ya dafa kafaɗata.

"Baba, yi mana shiru. Saƙo ne kawai."