Orka ba kifi ba ce, kuma ta san zafin rashin ɗa

Mutane da yawa na ɗaukar orka, ƙatuwar dabbar tekun nan mai launin baƙi da fari, kifi ce kawai da ba ta san ɗanta ba. Sam ba haka ba ne. Ciki take ɗauka na kusan wata 17, ta haihu, ta shayar da nono.

A shekarar 2018, a gaɓar tekun Pasifik tsakanin Amurka da Kanada, wata orka mai suna Tahlequah ta haihu, jaririyar ba ta cika awa ɗaya ba ta mutu. Kwana 17 uwar ta yi tana tallafe da gawar a goshinta, tafiyar kusan kilomita 1,600. In gawar ta suɓuce ta nutse, sai ta bi ta can ƙasa ta ɗauko. A ganina wannan juyayi ne tsantsa, duk uwar da ta taɓa rasa ɗa za ta gane shi.

Danginta, wato rukunin orka da ta fito daga ciki, yanzu ba su kai 80 ba. Kifin salmon da suke ci ya yi ƙaranci, madatsun ruwa na cikin dalilan hakan, ga ƙarar jiragen ruwa na hana su farauta. Tun 2005 Amurka ta sa su cikin dabbobin da ke dab da ƙarewa.