Kakar koho da cam a kogin Vedder: ruwa ake karantawa kafin takardar hasashe

Kowace shekara, kafin ganye ya fara rikiɗa a kudancin lardin Birtish Kolumbiya na Kanada, masu fatsa sukan kasa kunne su ji abin da hukumar kula da kamun kifi ta ƙasar, DFO, za ta ce kan kifin salmon da zai hauro daga teku. Iri biyu ne suka fi jan jama'a da kaka a rassan kogin Fraser: koho, mai jiki fari sol kamar azurfa, wanda yawanci yakan kai kilo 3 zuwa 5, da cam, wanda ya fi shi jiki da taurin kai, kilo 4 zuwa 7. Da an ji cewa bana za a samu, sai motoci su cika bakin kogin Vedder, kimanin kilomita 100 gabas da Vancouver. A ganina ana ɗora wa wannan hasashe kayan da ya fi ƙarfinsa, kuma a kan kifin abin yake ƙarewa.

Sai an san inda lissafin yake fitowa kafin a san iyakarsa. Koho yakan yi shekara guda a ruwan daɗi bayan ƙyanƙyasa, ya yi kamar wata 18 a teku, ya dawo yana ɗan shekara uku. Akwai wasu ƙananan maza masu gaggawa da ke dawowa bayan wata shida kacal, kuma yawansu a bara yana cikin abin da masana ke dubawa don kintatar bana. Cam kuwa da ya fito daga tsakuwa sai ya nufi teku, ya dawo bayan shekara uku zuwa biyar, galibi huɗu. Wato mai son sanin cam na bana sai ya waiwayi kakar shekara huɗu baya. Cam 'yan shekara huɗu na 2025, misali, daga ƙwan da aka binne a kakar 2021 suka fito, kakar da ambaliyar watan Nuwamba ta mamaye yankin Sumas da kwarin Fraser, kuma irin wannan ruwa yana tone tsakuwa har da ƙwan da ke cikinta. Duk wannan lissafi ne mai kyau, amma tsakanin fitar ɗan kifi da dawowarsa akwai teku, inda zafin ruwa da ƙarancin abinci kan rushe kowane kintace ba tare da wani ya gani ba.

Shi ya sa ƙidayar da ake yi ana cikin kaka ta fi daraja. A Albion, kusa da Fort Langley, ana jefa kalli na gwaji a Fraser, a ƙirga abin da ya shiga, daga nan a auna girman ayarin cam. Burin hukuma shi ne cam 800,000 su kai wuraren zuba ƙwai a Fraser. Ya dace buɗe kamun cam, na raga da na fatsa duka, ya jira wannan ƙidaya, ko da 'yan kasuwa za su yi ƙorafi. Dalili bai tsaya kan cam kaɗai ba: a daidai lokacin ne kifin stilhed (wani dangin salmon) na kogunan Thompson da Chilcotin ke wucewa, wanda kwamitin tantance halittu na Kanada ya ayyana a 2018 cewa yana fuskantar ƙarewa, kuma raga ba ta tambayar sunan kifi.

To, a ce ma ayarin ya zo da yawa. Wannan bai sa kifi a ƙugiyar kowa ba. Koho yakan fara shiga Vedder a tsakiyar Satumba, ya yi yawa a Oktoba, cam ya biyo baya daga tsakiyar Oktoba zuwa Nuwamba, amma ruwan sama ne ke buɗe musu ƙofa. Idan kaka ta zo da fari, kogin yakan janye ya yi garau, kifin ya taru a ƙasa, a mashigar da aka haƙa wa kogin da kuma gurabe masu zurfi, ya ƙi cin komai. Idan aka tafka ruwa kwana biyu, kogin ya cika ya koma kamar kunu, nan ma ba a yin komai. Lokacin da ake nema shi ne kwana ɗaya ko biyu bayan ruwan ya fara ja, ya koma kore-kore, ana hango ƙasa zuwa zurfin santimita 60 ko mita guda. Akwai ma'aunin ruwa na gwamnati a Vedder Crossing da ake gani a intanet. Layin ma'aunin da ya hau ya fara saukowa ya fi kowace sanarwar hasashe amfani. A ruwa mai haske kuwa, sa'ar farko bayan gari ya waye ita ce ta koho. Rana na hawa yake rufe baki.

Kayan aikin ba su da wuya. Sandar fatsa mai tsawon mita 3 da ɗoriya, babban zare mai ɗaukar kilo 7 zuwa 9, ɗan iyo na soso mai ɗaukar giram 20 zuwa 30, dalma daidai da shi, sai ƙaramin zaren da ke tsakanin dalma da ƙugiya, santimita 30 zuwa 60. Ga koho wannan ƙaramin zare na kilo 5 ya isa, ga cam a ƙara zuwa 7 ko 9, don yakan sa kai ƙasa ya ja kamar jaki. Ƙugiya guda ɗaya marar ƙaya doka ce a duk kogunan lardin, kuma mai son tafiya da kifi gida sai ya haɗa lasisinsa da hatimin salmon, wato ƙarin izinin ɗaukar wannan kifi. Koto na koho shi ne ƙwan kifi da aka gyara da gishiri, kamar ɓarin ƙaramin goro, ko ɗan ulu mai launin ruwan lemo. Cam ya fi kai wa ƙugiya mai gashi hari, ruwan hoda ko shunayya, da ɗan yankin jatan lande a bakinta. A gurbin da ruwa ya kwanta, inda koho ke son fakewa gefen itacen da ya faɗa ruwa, ana jefa ƙugiya mai gashi ta giram 10 zuwa 14 ba ɗan iyo, a fizga sandar sama kamar kamu ɗaya, a sake ta ta nutse. A wajen nutsewar yake cafkewa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zurfi. Sabon shiga yakan saki zare har dalma ta riƙa jan ƙasa, ɗan iyo yana karkata yana rawa, yana nutsewa kowane jifa. Ya ɗauka kifi ne, ya fizga, ya kamo dutse ko bayan kifi. Idon salmon sama da gaba yake kallo, saboda haka koton ya wuce kamar santimita 30 sama da ƙasa, ɗan iyo a tsaye cak, yana tafiya daidai da gudun ruwa. In ya nutse a haka, baki ne ya kama.

Nan ne hasashe mai daɗin ji yake yin ɓarnarsa. An sanar da shekara mai albarka, jama'a sun ɗauki hutu sun taho, sun tarar da kogi a ƙafe da kifi jibge a gurbi ba ya ci. Mutumin da ya sha tafiya ba ya son komawa hannu rabbana, sai ya tsawaita ƙaramin zaren nan zuwa mita biyu ko uku. Kifin yana fuskantar inda ruwa ke zuwa, yana buɗe baki yana rufewa don numfashi, zaren ya ratsa bakin, ruwa ya ja shi har ƙugiya ta soki muƙamuƙi daga waje. Mai yin haka zai rantse maka a baki ya kama. Saura kuma ƙugiya takan same su a ciki, a wutsiya, a ido. Doka ta ce duk kifin da aka soka a jiki a sake shi, amma wanda aka ja ta wutsiya minti goma ya riga ya ƙone ƙarfin da zai kai shi wurin zuba ƙwai, tunda salmon ba ya kiwo da zarar ya baro teku. Masu kare wannan salo sukan ce kifin gidan ƙyanƙyasa ne, don a kama aka yi shi. Gaskiya ne gidan ƙyanƙyasa na Chilliwack, da ke can saman wannan kogi, yana sakin koho don masu fatsa. Sai dai a gurbi ɗaya suke kwance da na daji, kuma zare ba ya bambance su. Iyakance wannan zare zuwa ƙasa da mita guda a duk kogin da ake cunkoso, a rubuce, da jami'an da za su riƙa zagayawa, ya fi rufe kogi gaba ɗaya sauƙi da adalci.

Bambance koho na gida da na daji aikin ido ne: akwai ɗan fiffike na nama a baya, gab da wutsiya. In an yanke shi, wurin ya warke sumul, na gida ne. In yana nan, na daji ne, kuma ba a fitar da shi daga ruwa. A jiƙa hannu, a zare ƙugiya da filaya, a tallafe shi yana fuskantar ruwa har ya fizge da kansa. Jan shi kan tsakuwa don a duba yana goge santsin da ke kare fatarsa daga cuta.

Cam kuma a zaɓa da hankali a lokacin da aka yarda a ɗauka. Wanda jikinsa ke da haske, zanen gefensa bai fito sosai ba, namansa na da kyau, musamman in za a ƙyafe shi. A yanke jan naman numfashinsa jini ya tsiyaye nan take, a sa shi a ƙanƙara. Wanda ya yi ratsin kore da shunayya ya fito da haƙora, namansa ya yi fari ya saki, barinsa ya fi. Daga ƙarshen Oktoba kuma a lura da inda ake taka ƙafa a ruwa marar zurfi: duk inda aka ga tsakuwa ta yi fes, ta fi ta kewaye haske, da ɗan tudu a ƙasanta, uwar cam ce ta share ta binne ƙwai dubu biyu zuwa uku, kuma sai bazara 'ya'yan za su fito.