Kafin mu kwaikwayi dokar kamun ƙafa ta Kanada, mu dubi aljihun ofishin da ke tsaronta

Duk lokacin da maganar masu kamun ƙafa a Majalisar Tarayya, wato waɗanda ake biya don su shawo kan gwamnati a madadin wani, ta taso a gida Najeriya, sai ka ji wani ya ce a yi doka irin ta Kanada ko ta Amurka, kowa ya yi rajista, a huta. Ni ma ina son a yi dokar. Amma ina zaune a Kanada, ina biyan haraji a nan, kuma na daɗe ina bin labarin ofishin da aka ɗora wa alhakin sa ido kan wannan harka. Abin da na gani shi ne rubuta dokar ba shi ne mai wuya ba. Wahalar tana wajen wanda ke ba ofishin kuɗi, da yawan abin da yake ba shi.

Ga yadda tsarin yake. Tun 1989 Kanada ke da dokar da ta wajabta wa masu kamun ƙafa yin rajista. Bayan badaƙalar kuɗin tallace-tallace da ta girgiza gwamnatin jam'iyyar Liberal, gwamnatin Stephen Harper ta kawo gyara a 2006, kuma a watan Yulin 2008 aka kafa ofishin Kwamishinan Kamun Ƙafa mai cin gashin kansa, wanda ke kai rahotonsa ga Majalisa kai tsaye. Karen Shepherd ce ta fara riƙe shi, sannan Nancy Bélanger ta karɓa a ƙarshen 2017. Duk wanda ake biya don ya je ya shawo kan gwamnati a kan wata doka ko wani tallafi, dole sunansa ya shiga rajista, da sunan wanda ya aiko shi, da abin da yake nema. In ya shirya ganawa da minista ko babban sakatare ko ɗan majalisa, sai ya kai rahoto kafin 15 ga watan da ke biye. Minista ko babban jami'in da ya bar aiki kuwa, sai ya shekara biyar kafin a yarda ya zama mai kamun ƙafa.

Rajistar tana intanet, kyauta, da Turanci da Faransanci. Kana zaune a ɗakinka za ka rubuta sunan kamfanin mai ko na banki, ka ga wa suka gani a Ottawa, babban birnin ƙasar, a wace rana, kan wane batu. Ba na raina wannan ko kaɗan. A 2019, lokacin da rikicin kamfanin SNC-Lavalin ya ɓarke, aka zargi ofishin Firayim Minista Justin Trudeau da matsa wa ministar shari'a Jody Wilson-Raybould lamba don a sasanta da kamfanin maimakon a gurfanar da shi, 'yan jarida ba su tsaya jiran wani ya tsegunta musu ba. Sun buɗe rajistar, suka ƙirga ganawar da kamfanin ya yi da manyan jami'ai, har da na ofishin Firayim Minista. A gida, irin wannan bayani sai dai a ji shi a matsayin jita-jita.

To, nawa ake kashewa kan ofishin da ke riƙe da wannan rajista? Ma'aikatansa talatin da 'yan kai ne. Kasafinsa na shekara bai kai dalar Kanada miliyan goma ba, a ƙasar da gwamnatin tarayya ke kashe ɗaruruwan biliyoyi. Waɗannan 'yan tsirarun su ne ke kula da rajistar dubban masu kamun ƙafa, su karɓi rahoton ganawa sama da 30,000 a shekara, su wayar da kan jama'a, su gudanar da bincike, su kare kansu a kotu in an kai su ƙara. Saboda ƙanƙantarsa, wasu ayyukansa na cikin gida kamar lissafin kuɗi, wata hukumar gwamnati yake biya ta yi masa.

Sama da shekara goma bayan kafa shi, kasafin ofishin kusan yana tsaye wuri ɗaya. A zamanin tsuke bakin aljihu na 2012 ma an zaftare masa kashi 5 cikin ɗari, kuma inda aka fara jin raɗaɗin shi ne aikin inganta na'urar rajistar, wato ainihin abin da ofishin ya dogara da shi. An yi masa ɗan ƙari daga baya, amma a wannan tsakanin aikin ya ninka, albashi ya tashi, kuɗin kula da kwamfuta ya tashi. Mafi yawan kasafin irin wannan ofis albashi ne. Ba shi da wani gini da zai fasa ginawa ko motoci da zai fasa saya. In kuɗi ya gaza, mutum ne ba za a ɗauka ba, kuma wannan mutumin sau da yawa mai bincike ne.

Abin da ya fi damuna ba ƙarancin kuɗin ba ne, hanyar da ake bi a same shi ce. A takarda, Kwamishinar ma'aikaciyar Majalisa ce, ba ta ƙarƙashin kowane minista. Amma in tana neman ƙarin kuɗi, sai ta bi ta Hukumar Baitulmali da Ma'aikatar Kuɗi, ta shiga layi kamar kowace ma'aikata. Ma'ana, ministocin da take bibiyar waɗanda ke shiga ofisoshinsu su ne ke yanke shawarar ko za ta sami ƙarin mai bincike. Hausawa sun ce in baki ya ci, ido kan ji kunya. Ban ce Kwamishinar ta taɓa kau da kai saboda kuɗi ba, kuma ban ga alamar haka ba. Amma tsarin da ya bar amana ta rataya ga jarumtar mutum ɗaya, tsari ne mai rauni. Ba ita kaɗai ke cikin wannan hali ba. Kwamishinar da ke kula da 'yancin samun bayanan gwamnati, Caroline Maynard, ta fito fili a 2024 tana kukan giɓin kuɗi a ofishinta, tana kuma neman a raba kasafin irin waɗannan ofisoshi da hannun gwamnati. An taɓa gwada haka a 2005, aka kafa kwamitin 'yan majalisa daga jam'iyyu daban-daban da zai riƙa duba buƙatunsu, amma bayan 'yan shekaru aka bar shi ya mutu.

Babu gwamnatin da za ta fito ta ce ta rufe ofishin sa ido kan kamun ƙafa, domin jaridu za su cinye ta. Ba ta ma buƙatar yin haka. Ta bar kasafin yadda yake shekara bayan shekara, hauhawar farashi za ta yi mata aikin, ba tare da wani ya kaɗa ƙuri'a a kai ba.

Ƙarancin kuɗin kuma ya haɗu da ƙarancin iko. Kwamishinar ba ta da hurumin cin tarar kowa. In bincikenta ya nuna an karya doka, dole ta dakata ta miƙa fayil ga 'yan sandan tarayya, RCMP, waɗanda ke fama da manyan laifuka, kuma rashin yin rajista ba shi ne a saman teburinsu ba. Ta tura fayiloli fiye da goma, kaɗan ne suka kai ga tuhuma. Waɗanda kotu ta taɓa samu da laifi a ƙarƙashin dokar 'yan ƙalilan ne, kuma wanda aka fi sani shi ne Bruce Carson, tsohon mai ba Harper shawara, da aka ci tarar dalar Kanada 50,000 a 2016. Ka duba asarar: ƙaramin ofis ya kashe watanni da ɗan kuɗinsa yana tattara hujja, sannan fayil ya je ya kwanta a wani wuri. Dokar kanta ta ce a riƙa yi mata bita duk shekara biyar. An yi a 2012, sai aka shafe sama da shekara goma ba a sake ba, duk da Bélanger ta yi ta roƙon a ba ta ikon cin tara, ikon da takwarorinta na wasu larduna kamar British Columbia suke da shi.

Yanzu mu dawo gida. A Najeriya babu dokar da ta tsara kamun ƙafa. An kawo ƙudurori, har wanda Sanata Dino Melaye ya gabatar ya tsallake karatu na biyu a Majalisar Dattawa a 2016, amma bai zama doka ba. Kamun ƙafar kuwa ana yinsa kullum. Dokar man fetur ta shafe sama da shekara goma tana kai da komo a Majalisa kafin Shugaba Buhari ya sa mata hannu a watan Agustan 2021. Duk wanda ya bi labarin ya san kamfanonin mai da gwamnoni da ƙungiyoyi sun yi ta zirga-zirga a kanta. Wa ya ga wa, a wace rana, ya nemi a sauya wane sashe? Babu littafin da za ka buɗe. Haka ƙudurorin gyaran haraji da suka tayar da ƙura a Arewa a ƙarshen 2024. Mun ji muryar gwamnoni da sarakuna domin sun yi magana a fili, amma waɗanda suka bi ta ƙofar baya ba mu san su ba. Inda babu rajista, iyakar da ke tsakanin neman alfarma na halal da cin hanci takan ɓace, sai abin ya fashe, kamar yadda ya faru a binciken tallafin man fetur na 2012, wanda ya kai Farouk Lawan gidan yari kan karɓar dala 500,000.

Saboda haka ba na tare da masu cewa duk kanwar ja ce, can da nan ɗaya. Ba ɗaya ba ne. Ɗan Kanada yana da abin dubawa, mu ba mu da shi.

Amma ba na tare da masu ganin cewa da an sa hannu kan doka an gama. Muna da misali a gabanmu. Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata tana cikin kundin tsarin mulkin 1999. Aikinta ta karɓi takardar bayyana kadarori daga Shugaban Ƙasa har zuwa kansila da ma'aikatan gwamnati a faɗin jihohi 36 da Abuja, ta kuma tantance ko gaskiya aka rubuta. Tantancewa na nufin mutum ya tashi ya je ya ga gidan, ya duba filin, ya tambayi banki. Wannan aiki ne mai cin kuɗi, kuma shugabannin hukumar sun sha kokawa a gaban Majalisa cewa abin da ake ba su bai isa ba. Sakamakon shi ne takardu suna taruwa, jama'a ba sa ganinsu, kuma ba a cika jin ɗuriyar hukumar da kotunta ba sai an taso wani babba, kamar shari'ar Bukola Saraki da aka fara a 2015 ko ta Alƙalin Alƙalai Walter Onnoghen a 2019. Hukumar da ba ta da ƙarfin duba kowa, dole ta zaɓi wanda za ta duba, kuma da zarar ta fara zaɓe, mutane za su tambayi wanda ya nuna mata.

A gida matsalar ma ninki biyu ce. A Kanada, abin da Majalisa ta amince da shi yana isa ofishin. A Najeriya, a sa maka kuɗi a kasafi daban, a sake maka shi daban. Ofishin sa ido kan kamun ƙafa da zai riƙa bin Ma'aikatar Kuɗi yana roƙon a saki kuɗinsa na wata uku, shi kansa ya zama mai kamun ƙafa a wurin mutanen da aka ce ya tsare. Wannan ya fi rashin ofishin muni, domin zai ba ɓarna rigar halal: a ce ai akwai rajista, alhali babu mai duba ko abin da ke cikinta gaskiya ne.

Mafitar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Majalisar Ƙoli ta Harkokin Shari'a tana karɓar kuɗinta kai tsaye daga asusun tarayya, kuma gyaran tsarin mulki na 2010 ya sa hukumar zaɓe ta INEC a wannan sahu. Duk ƙudurin kamun ƙafa da zai sake zuwa Majalisa, sashen da zan fara dubawa shi ne na kuɗi. Ina son in ga an cire kasafin ofishin daga hannun ministoci, an ɗaure shi da ma'aunin da zai riƙa tashi tare da yawan rajista da tsadar rayuwa, an kuma ba kwamitin da ya haɗa 'yan adawa ikon duba shi a bainar jama'a. Ina son in ga ofishin yana da ikon cin tara da kansa kan ƙananan laifuka kamar jinkirin kai rahoto, ya bar manya ga EFCC da ICPC, don kada ya maimaita abin da ke faruwa tsakanin ofishin Kwamishinar Kanada da RCMP. Kuma rajistar ta buɗu a wayar hannu, da Hausa da Yarbanci da Ibo, domin ɗan jaridar gidan rediyo a Kano ko Sakkwato ya iya karanta wa masu sauraro sunayen waɗanda suka gana da sanatansu a watan jiya. In ƙudurin ya zo ba tare da waɗannan ba, zan roƙi 'yan majalisarmu su mayar da shi kwamiti a sake rubuta shi.